Gurbin Waɗanda Ba Su Zo Ba

Kun sha tambayata, musamman ke Samira da ba kya barin magana ta kwana, me ya sa babban wanku yake ce mini Khala, wato ƙanwar uwa da Larabci, yana ce wa Yaya Hajara Umma, alhali sunana ne a jikin takardarsa. Kullum sai in ce ku tashi ku ba ni wuri. To yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance, don kada wata rana wani ya ba ku labarin a karkace, ya ce yar da ɗa na yi, ko ya ce ƙwace shi na yi a kotu. Ko ɗaya ban yi ba. Ku Abba kuke ce masa, ni ma a nan haka zan rubuta, tunda biro ba shi da kunya irin tawa.

Ni da babanku umra muka zo muka zauna, kamar yadda rabin mutanen Nuzla, unguwarmu ta nan Jidda, suka zo. Ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya mana, sai ɗaki ɗaya a saman gidan wani Bayamane da murhun gas mai kai ɗaya. A ɗakin nan na haifi Abba a hannun Iya Delu unguwarzoma, don a lokacin wanda ba shi da takarda ko hanyar asibiti ba ya bi. Ranar suna aka sa masa sunan surukina, bakina ya samu kwaɗo biyu ke nan: ga shi ɗan fari, ga shi mai sunan uban miji. Mu kuwa a gidanmu can wajen Daura kakarmu Bafulatana ce, ita ta raine mu a kan cewa mace mai mutunci ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in baƙo ya tambaya ma sai ta ce na wance ne. Ku da kuka tashi kuna ganin Larabawa suna kiran mace da sunan ɗan farinta, Ummu wane, tana amsawa da fara'a, na san dariya abin yake ba ku. A wurinmu ba abin dariya ba ne. Da aka yaye shi sai Yaya Hajara ta zo da sabon zani ta goya shi ta tafi. Ta riga ni zuwa Jidda da shekara takwas, mijinta ya rasu, Allah kuma bai taɓa ba ta haihuwa ba. Lungu biyu ne tsakanin gidana da nata. Na shiga banɗaki na yi kukana inda ba mai gani, daga ranar kuma sunansa a bakina ya zama “ɗan Yaya”.

Daga baya Allah ya buɗa, babanku ya samu kafili mai shagon katako a Bani Malik, muka gyara zamanmu, ku uku aka haife ku a asibiti kowa da takardarsa. Abba ne ya rage a rataye. Ya yi karatu a makarantar unguwa, ya koyi gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, har ya fi wanda ya koya masa, amma duk inda zai je ta lunguna yake bi, in motar 'yan sanda ta gitta sai ya faɗa shago ya yi kamar mai sayen ruwa. Yana shekara goma sha bakwai aka buɗe ƙofar gyaran takardu ga irinsa. Babanku ya je ofishin iƙama ya dawo da magana ɗaya: a kawo sakki daga mahkama, wato takardar hukuncin alƙali, mai tabbatar da cewa yaron ɗanmu ne, kafin ƙarshen Rajab. In watan ya fita ba sakki ƙofa ta rufe, duk ranar da aka kama shi kuma ƙasar da bai taɓa gani ba za a kai shi, wurin dangin da ko fuskarsu bai sani ba.

Babanku ya shigar da buƙata, saƙo ya shigo wayarsa cewa zamanmu ya faɗa farkon Jimada Sani. Muka tafi mu huɗu, don Yaya ta ce ba za a kai ɗanta gaban hukuma tana gida ba. Ban taɓa shiga kotu ba, a raina alƙali zan tarar a kan buzu mutane sun kewaye shi. Sai na ga dogon baranda mai sanyi da ƙofofi masu lamba, kowace ƙofa da alƙalinta da katibinta, bencin maza daban na mata daban. A jikin ƙofarmu an liƙa jerin shari'un ranar, kowace da lokacinta, minti sha biyar-sha biyar tun daga safe har bayan azahar. Na ce wa Yaya, oh, su nan rigimar mutum ma awo ake yi mata kamar shinkafa.

Alƙalinmu dattijo ne siriri mai gilashi, katibi yana gefensa da kwamfuta, ga tafinta a tsaye. Ya yi wa babanku tambayoyi, ya amsa tiryan-tiryan. Sannan ya juyo kaina ya nuna Abba.

“Shaikh yana tambaya, wannan ɗanki ne?” in ji tafinta.

Yaya tana zaune kafaɗarta na gogar tawa, ga babanku, ga yaron a tsaye yana kallona. Ban yi shawara da kaina ba. Bakina ya faɗi abin da ya shekara goma sha biyar yana faɗa.

“Ɗan Yaya ne,” na ce, har da nuna ta da haɓa.

Tafinta ya juya maganar da Larabci, na ji yatsun katibi ƙas-ƙas-ƙas a kan kwamfuta. Shi ke nan ta shiga. Babanku ya zabura yana “La, la, ya Shaikh!” Tafinta ya shiga bayanin al'adarmu, don shi haifaffen nan ne amma kakarsa Bakatsiniya ce, ya san abin. Alƙali ya saurara har ƙarshe, bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba, ya sake tambayata. Wallahi na buɗe baki zan faɗa, sai na waiga na ga wani haske a fuskar Yaya wanda ban taɓa gani ba, na mayar da bakina na rufe. A haka minti sha biyar ɗinmu ya ƙare. Alƙali ya ce nasaba ba abin wasa ba ce, ba zai sa hannu ba alhali takarda ta faɗi ɗaya uwa ta faɗi ɗaya. A dawo masa da abu uku: uwar ta faɗa da bakinta har da sunan yaron, yayarta ta tsaya ta ce ba ita ta haife shi ba, a kuma kawo wadda ta karɓi haihuwar. In ba haka ba sai gwajin jini, shi kuma layinsa ya fi wannan tsawo. Katibi ya duba ya ce ranar da ta fi kusa tana cikin Shawwal, wata uku bayan ƙofa ta rufe.

Muna shiga gida babanku ya juyo kaina.

“Rabi, kunyar nan taki ba za ki iya barin ta wurin mai gadi tare da jaka ba, in kin fito ki karɓi abarki?”

Kun san ni, ba a gaya mini in rasa amsa. Ranar sai na shige ɗaki. Abba kuwa ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita, fitar nan tasa ta fi faɗan babanku yi mini ciwo.

Washegari na koma mahkama ni kaɗai da Larabcina na kasuwa, na tsaya a bakin tebur ɗin katibin har ya ɗago. Ustaz Salim sunansa, ɗan ƙaramin mutum ne, gemunsa ya fara fari, shayinsa kullum hucewa yake yi a gabansa bai sha ba. Na zo da shirin faɗa, don a tunanina ranar tana nan ɓoye ta yake yi wa masu hanya. Na fara zuba. Ya bar ni na gama, sannan ya juyo mini da fuskar kwamfutar.

“Ya Khala, ma fi, babu. Dubi da kanki, kowane layi mutum ne. In na sa ki a nan, wa zan cire? Wannan gado ne, marayu biyar. Wannan mata ce, wata shida ba ta ga 'yarta ba. Ki zaɓa mini.”

Na dubi layukan nan da ban iya karantawa ba, faɗan ya zube, hawaye ya maye gurbinsa. Ya tura mini kwalin hankici ya ci gaba da aikinsa, kamar ya manta da ni. Can sai ya yi magana yana kallon takardunsa.

“Amma akwai abu ɗaya. Kusan kullum sai an samu wanda bai zo ba. Wasu sun shirya a gida, wani ya manta, wani ya yi tafiya. Nakan kira sau uku, in ba kowa sai gurbi ya faɗo, Shaikh kuwa ba ya son kujera ta zauna banza. Ina da 'yar takarda ta masu jiran gurbi. Zan nemi izininsa in sa ki, ke ce ta uku. Sharaɗi ɗaya ne: in na leƙo in gan ku duka a benci, ke da mijinki da yaron da yayarki da unguwarzoma. In ɗaya ba ya nan, na wuce ga na bayanki. Ba na jiran wanda ya tafi shan shayi.”

Na yi godiya har na rasa kalmomi na koma Hausa. Ina juyawa ya ƙara da cewa in na ga hadari ya haɗu kada in ce yau ba ranar fita ba ce, don mutanen Jidda ruwan sama ya fi alƙali ba su tsoro.

Haka muka fara zaman benci. Kafilin babanku ya yafe masa safiya, Allah ya saka masa. Iya Delu ta koma Ammariyya wurin jikarta, gwiwoyinta sun ƙare, amma da na je mata ko tambaya ba ta yi ba, ta ce a ɗauko mata sandarta da goronta, ta tare a gidanmu. Kullum ƙarfe bakwai da rabi muna bakin ƙofa. Mutum ɗaya ne ba ya zuwa, ita ce Yaya. Rana ta farko ta ce ciwon kai, ta biyu ta ce ba a ba ta izini a makarantar da take shara ba, ta uku ma ba ta ɗaga waya ba.

A zaman nan na koyi kotu kamar yadda ake koyon kasuwa, da ido. Masu rigima, na saki da na ciyarwa da na gado, ba a hawo da su wurin alƙali sai an fara tura su ɗakin sulhu a ƙasa. Wasu daga can suke wucewa gida, wasu su hawo suna huci. Irinmu da ba mu da abokin faɗa, tabbatarwa kawai muke nema, Ustaz Salim da safe yake jera mu don mu yi sauri, masu dogon numfashi kuma ya ajiye su ƙarshen yini kada su cinye lokacin na baya. Fayilolinsa kashi uku ne a kan tebur. Wata rana da na ga ya ɗan samu sarari na tambaye shi, ya dafa su ɗaya bayan ɗaya ya ce waɗannan takarda suke jira daga wani ofis, waɗannan mutum suke jira, waɗannan su ne masu jiran alƙali. Na ƙarshen shi ne mafi ƙanƙanta, na tsakiya kuwa ya kusa kai masa haɓa. Kafin ya tashi aiki sai ya bi mutanen gobe da waya yana tuna musu, ba wanda ya sa shi. Ni da na tashi da cewa mugunta ce take sa shari'a daɗewa, sai ga ni zaune a cikin tulin tsakiya, alƙali yana nan, katibi yana nan, yayata uwa ɗaya uba ɗaya ake jira.

Mutum biyun da ke gabanmu suka samu gurbinsu suka tafi. A safiya ta shida Ustaz Salim ya fito ya kira wani suna sau uku, ba kowa. Ya juyo ya ƙirga mu da ido, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya dubi wurin da ba kowa a gefena, ya ɗan tsaya, sannan ya kira wani Bamisire da ke bayanmu. Muka ci gaba da zama har aka tashi. Da muka fito Abba ya tsaya a gabana, abin da ba ya yi.

“Khala, halas, ku bari. Ku daina wahalar da Iya. Ana ma abga, ba na so Umma ta tsaya gaban mutane ta faɗi wannan kalam. In tarhil ne, a yi tarhil.”

Wato ya gwammace a ɗora shi a jirgi a fitar da shi daga ƙasar da a sa Yaya ta faɗi abin da alƙali yake so. Na ji alfahari da shi, na kuma ji kishi ya soke ni har ƙashi, duka a lokaci ɗaya, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan la'asar na bi lungu biyun nan. Na tarar da Yaya a tsakar ɗaki tana tsintar shinkafa a faranti, ga rigunan aikin Abba ta goge ta rataye.

“Yaya, gurbi ya faɗo yau ya wuce mu.”

“Na ji.”

“Kin san kwana nawa ya rage.”

“To ki ce a rubuta shi a kaina mana. Ai kin riga kin faɗa, an buga.”

“Da wane uban? Za ki rantse a kan mutumin da ya rasu tun kafin a yi cikinsa?”

Ta ajiye farantin. Yaya mace ce mai sanyin murya, ni ce mai hayaniyar gidanmu, amma ranar ita ta ɗaga murya.

“Rabi, kin san abin da kike so in faɗa? Duk Nuzla, duk makarantar da nake shara, Ummu Abba ake kirana. Shekara goma sha biyar ba wanda ya dube ni ya ce juya. Yanzu in tsaya gaban maza in ce ban haifa ba, a buga a kwamfuta, ya zauna har tashin duniya? In takarda ta fito da sunanki, me ya rage mini?”

Na zo da niyyar in yi mata tatas, in ce son kai ne. Sai na ji kaina ina faɗin abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har babanku.

“To ni fa, Yaya? Kina tsammani dutse ne a ƙirjina? Ranar da ya faɗo daga tsani ya karye, ke kika rungume shi, ni aka aika neman tasi. Ranar saukarsa ke aka yi wa barka, ni ina bayan gida ina wanke tukwane. Ban taɓa nema ba, yau ma ba nema nake yi ba. So nake ya bi titi kamar kowa.”

Aka fara kiran magariba. Ta share ido da gefen mayafi, ta jawo farantinta.

“Zan je. Amma ke za ki fara. In ji ki da kunnena kin kira sunansa a gaban mijinki. In kin iya, ni ma zan iya.”

Da safe ta riga mu isa bakin mota. Sai kuma gurbi ya ƙi faɗowa. Kwana ɗaya, biyu, mako guda, kowa ya zo da shari'arsa a kan lokaci kamar an yi musu wasiyya. Na kama kaina ina addu'ar Allah ya mantar da wani bawansa ranar zamansa, sannan in yi istigfari. Rajab ya shiga, ya raba, ya gangara. Iya Delu ta cinye goronta ta fara cin namu.

Saura kwana shida watan ya fita muka tashi da ruwa. Tun asuba ake tsugawa, lungunan Nuzla suka zama rafi, leda da takalma suna iyo. Babanku ya leƙa ya ce yau ko alƙalin ba zai fito ba. Na ce masa ya je ya ɗauko motar katako ko da turawa za mu yi. Abba ya goya Iya Delu daga ƙofa zuwa mota tana yi masa tsiya wai da ita ta fara ɗaukar sa, yau ya rama. Mu mata muka matsu a gaba, Abba ya hau baya ya lulluɓa da tamfol. Muka isa a jiƙe sharkaf muka tarar da barandar nan da kullum take cike ta zama fayau, sai mai goge ƙasa. Ustaz Salim ya iso ƙasan rigarsa duk taɓo. Ya kira na farko sau uku, ba kowa. Saboda ruwan ya yi wa mutumin uzuri, sai da ya jira lokacinsa ya cika, ya kira na biyu sau uku, sannan ya juyo ya ƙirga mu. Biyar. Ranar na fara ganin haƙoransa.

“Yalla, ya Khala.”

Alƙali ya sa aka karanto abin da na faɗa a zaman farko, na ji “ɗan Yaya ne” ya dawo mini da Larabci da Hausa, kamar in nutse. Sannan ya tambaye ni. Na miƙe, na ji kamar kakarmu tana tsaye a bayana. Ban dubi babanku ba, ban dubi Yaya ba, bangon da ke bayan alƙali na kalla.

“Ɗana ne. Ni na haife shi. Sunansa Haruna.”

Ban san sunan yana da nauyi haka a baki ba. Na ji kunya kamar an yaye mini mayafi a kasuwa, a ƙarƙashin kunyar kuma na ji wani daɗi da ban san ina jin yunwarsa ba. Da na saci kallo na ga yaron ya sunkuyar da kai, ruwa yana ɗiga daga haɓarsa, na bar shi a kan ruwan sama ne.

Iya Delu ta ba da shaidarta daga zaune, ta fara tun daga naƙuda, da irin ihun da na yi, da zagin da na yi wa babanku, har alƙali ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Sai aka zo kan Yaya. Ta miƙe ta gyara mayafinta.

“Ban haife shi ba,” ta ce. “Ban taɓa haihuwa ba.”

Yatsun Ustaz Salim suka buga. Abin da ake buƙata ya cika, amma Yaya ba ta zauna ba.

“A gaya wa Shaikh ban gama ba.”

Tafinta ya dubi alƙali. Minti sha biyar ɗinmu ya kusa cika, na san doka, na zauna a benci na ga yadda ake katse manyan mutane masu lauya. Ustaz Salim ya dubi agogo, ya dubi jerinsa, ya sunkuya ya ce a hankali, mutum ukun da ke biye ba wanda ya iso, ya Shaikh. Alƙali ya cire gilashinsa ya ajiye, ya ce a bar ta ta yi magana.

Yaya ta fara tun daga ranar da ta goya shi. Yadda ya ƙi koko kwana uku sai da ta tauna masa dabino. Ƙyanda, da haƙori, da ranar da ya ɓace a kasuwar Balad ta bi shaguna ba takalmi ba ta kuma isa ta je wurin 'yan sanda ba. Yadda take tsayawa a bakin lungu ta leƙa titi kafin ta ce masa fito. Tafinta yana juyawa, alƙali yana saurare bai katse ta ko sau ɗaya ba. Lokacin mutum uku da ruwa ya tsare a gida, duka Yaya ta cinye shi. Da ta gama ta zauna, sai alƙali ya yanke hukunci cewa yaron ɗan babanku ne kuma ɗana, sannan ya ce wa Ustaz Salim ya ƙara layi ɗaya: cewa yayar mahaifiyarsa, Hajara, ita ta raine shi tun yana shekara biyu da yardar iyayensa, kuma ta kyautata riƙo. Ofishin iƙama bai nemi wannan layin ba, ba kuma wanda ya roƙa. Ku ɗauko sakkin ku duba, yana nan kusa da ƙasa, sama da hatimi.

Da yake ba kowa a layi, kafin azahar Ustaz Salim ya fitar mana da takardar ya miƙo. Na tsaya zan jero masa godiya, ya riga ya juya yana kiran suna na gaba sau uku a barandar da ba kowa. Washegari ofis ya karɓi sakkin, bayan salla iƙamar wanku ta fito. Ban sake ganin mutumin nan ba, yanzu ma na ji an ce yawancin zama ta waya ake yi, bencin ya rage mutane. Amma ba sallar da zan yi ban sa shi a addu'a ba, shi da alƙalin da tafintan da Iya Delu, Allah ya ji ƙanta. Bai cire kowa daga layi don ni ba, bai kuma bar minti ɗaya ya zube ba alhali akwai mai buƙatarsa. Yaya kuwa abin ya ci ta. Maganar ta zagaya Nuzla kamar yadda ta ji tsoro, daga shekarar in aka kira ta Ummu Abba sai ta yi kamar ba da ita ake ba, ta kuma daina zuwa bikin suna. Wannan nauyin yana wuyana, na sani, kuma in da za a maimaita zan sake roƙon ta.

Ranar ruwan dai, babanku ya sauke mu a bakin unguwa wurin mai gasa burodi, ya wuce kai Iya Delu Ammariyya. Ruwa ya tsagaita, lungu duk kwata. A nan hanya ta rabu, hagu gidana, dama gidan Yaya. Yaya ta gyara jakarta a kafaɗa. Ta kama hanyarta, ta yi magana ba tare da ta dubi kowa ba.

“Bi uwarka. Alƙali ya rubuta.”

Abba ya tsaya a tsakiya da takardar a cikin rigarsa, ya dubi hagu ya dubi dama, ƙaton saurayi kamar ɗan yaye.

“Yaya, wadda ta haifa aka tambayi alƙali,” na ce. “Ba a tambaye shi inda yaro zai ci tuwo ba.” Na juya kansa na ɗaure fuska. “Kai kuma ka tsaya kana kallona, ba ka ga jakar uwarka ta yi mata nauyi ba?”

Ya bi ta da sauri ya zare jakar daga kafaɗarta. Ba ta waiwayo ba, ta ci gaba da tafiya a gaba yana biye, har suka kai inda ruwa ya yanke lungun. A nan ta tsaya ta miƙa hannu baya, ya kama ya tsallakar da ita. Na tsaya da takalmina a hannu har suka sha kwana.